Kafin Diga Ya Taɓa Bango: Yadda Ake Ba Da Aikin Rushe Tsohon Sito

A tsofaffin garuruwan da layin dogo ya ratsa, irin su Gusau da Funtuwa da Ƙauran Namoda da Nguru, da wuya ka zaga unguwa ba ka ga wani dogon gini na laka mai rufin kwano ba, ƙofarsa ɗaya, tagoginsa ƙanana can sama kusa da rufi. Sito ne na zamanin gyaɗa da auduga. Tun da dalar gyaɗa ta ɓace a Kano cikin shekarun 1970, yawancinsu ba su sake cika da buhu ba. A ƙauye kuma akwai 'yan'uwansu: soron ajiya mai azara, da babban rumbun laka, da ɗakin dabbobi da aka daina kwana da su a ciki. Yau abin da ke cikinsu bai wuce karyayyar garma da tsofaffin buhuna da ɓeraye ba.

Sai wata damina bango ya buɗe baki, ko ɗaya daga cikin 'ya'yan gida ya so filin don ya yi gini, a zauna a ce a rushe. A nan ne mutane ke ɗauka cewa aiki ne na wuni biyu: a kira samari huɗu, a ba su diga da shebur, shi ke nan. Mu ma haka muka ɗauka a gidanmu, kuma sai da muka biya kuɗin aikin sau biyu. Zan zo kan wannan labari idan mun iso wajen ciniki, domin a can ne ya fi amfani.

Mataki na 1: A fara da mutane, ba da gini ba

Tsohon sito da wuya ya zama na mutum ɗaya. Galibi gado ne da ba a raba ba. Kafin ka yi magana da kowane ɗan kwangila, ka tara magada, har da mata da ke gidajen aurensu da waɗanda ke zaune a wani gari, kowa ya ji kuma ya yarda. Ba rushewar ce ke haddasa rigima ba. Kayan da za su fito ne. Ranar da aka ga tulin azara da kwano a ƙofar gida, wanda bai taɓa leƙa siton ba shekara 20 zai tuna cewa yana da haƙƙi, kuma gaskiyarsa ce.

Daga nan sai maƙwabta. A tsohuwar unguwa bango ɗaya kan raba gida biyu, kuma sau da yawa azarar ɗakin maƙwabcinka a kan bangon sitonka take zaune ba ka sani ba. Ka nemi izini ka shiga gidansa ka duba da idonka. Idan bangon na tarayya ne, ko dai a bar shi a tsaye a tallafe shi, ko a yi yarjejeniyar wanda zai tayar da sabo da kuma ranar da za a tayar, domin ba a barin gidan mutum a buɗe da iyali a ciki.

Akwai abin da ake yawan mantawa: bangon nan shi ne iyaka. Da zarar ya kwanta, iyakar ta tafi da shi. Don haka tun yana tsaye a kira mai unguwa ko dagaci da maƙwabtan da abin ya shafa, a kafa turakun ƙarfe a kowace kusurwa, a auna, a rubuta, a ɗauki hoto da waya. Taƙi ɗaya na ƙasa ya isa ya raba zumuncin shekara 50.

Idan a cikin birni ne, ka leƙa hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna ko takwararsu a jiharku, ka ji abin da suke buƙata, musamman in sabon gini za ka ɗora a wurin. A Nijar kuma ofishin magajin gari. Ginin da ke jingine da ganuwa, ko yake cikin tsohon garin Agadas da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, ba a taɓa shi sai da izinin masu kula da kayan tarihi. Ko ba doka ma, in ka ɗaga kai ka ga bakan gizo ko ɗaurin guga a rufin, wato lanƙwasassun gimshiƙan nan na ginin gargajiya da ke riƙe da rufi, ka dakata ka kira tsohon magini ya gani. Masu iya wannan aiki sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma wani lokacin yaɓe da sababbin indararo kawai ginin ke nema.

Mataki na 2: Rushewa kake so ko kwancewa?

Waɗannan ayyuka biyu ne daban, kuma farashinsu daban. Rushewa ita ce a kayar da gini a kwashe ɓaraguzai. Kwancewa ita ce a bi ginin daga sama zuwa ƙasa a cire kayansa ɗaya bayan ɗaya, yadda za su sake amfani. Ta farko ta fi sauri. Ta biyu ta fi cin kwanaki da hannaye, amma tana iya mayar maka da wani kaso na abin da ka kashe.

Abin da zai raba maka gardama shi ne lissafin abin da ke jikin ginin. Ka ɗauki littafi da biro da wani kafinta ko magini wanda ba shi za ka ba aikin ba, ku zaga. Kada ku shiga ƙarƙashin rufin da ya lotsa. Daga bakin ƙofa da fitila ma ana gani.

Azara ce kan gaba. Daga gangar giginya ake tsago ta, gara ba ta cika cin ta ba, shi ya sa azarar da ta shekara 60 a rufi kan fito lafiya lau a sake ɗora ta a wani gini. Giginya kuwa ba ta girma da wuri, kuma an sare ta da yawa, don haka tsohuwar azara tana da kasuwa. Amma a duba kawunanta, wato ɓangaren da ke binne a cikin bango, domin can ne ruwa ke kwanciya idan rufi yana yoyo. A ƙwanƙwasa ta da guduma: mai lafiya tana amsawa da ƙarfi, ruɓaɓɓiya kuwa sautinta a dushe yake.

Sai kwano. Na dā ya fi na yanzu kauri, kuma ko ya yi tsatsa yana shingen gona ko rumfar dabbobi. Wanda ya huje gaba ɗaya na 'yan gwangwan ne, a kan sikeli. Sai ƙofofi da gimshiƙansu, da ƙarafan taga, da katakon rufi, da rodi in akwai. Kowanne a ƙirga a rubuta: azara kaza, fallen kwano kaza, ƙofa kaza.

Kada ka raina ƙasar kanta. Tsohuwar ƙasar bango an riga an cuɗa ta da ciyawa, ta daɗe ta kwanta, kuma magina na son ta don sabon tubali. Tana kuma yin ciko. Idan kai ma gini za ka yi a wurin, biyan tifa ta kwashe ta sannan ka sake biyan wata ta kawo maka jar ƙasa asara ce biyu.

A ganina, ginin laka mai azara kwance shi ake yi, ba a kiran katafila. Katafila sai ta shigo a kan babbar mota, sai an biya hayarta ta wuni da man da za ta sha, ba ta shiga lungu, kuma girgizarta na tsaga bangon maƙwabta. Inda take da rana shi ne babban sito na bulo da siminti a buɗaɗɗen fili. In kuma ginin na da rufin kankare ko bene, to ya wuce aikin leburori: a nemi injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya faɗi ta inda za a fara.

Mataki na 3: Abin da ke ɓoye a ciki

Wannan sashe kada ka tsallake shi, ko da kana gaggawa.

Wutar lantarki tukuna. Ko siton ya shekara goma babu ƙwan fitila, wayar da ta shigo daga falwaya na iya kasancewa da wuta, ko kuma wayar maƙwabci ta ratsa ta kan rufin. A sa ma'aikatan kamfanin wuta na yankinku, KEDCO ko Kaduna Electric ko JED ko YEDC, ko NIGELEC a Nijar, su cire ta daga kan falwaya. "An ɗauke wuta ai" ba hujja ba ce. Ana iya dawo da ita mutum na riƙe da fallen kwano.

Na biyu, maganin ƙwari. Duk inda aka taɓa ajiye wake ko masara, a nemi tsofaffin gwangwanayen ƙwayar Phostoxin. Ƙwayar nan da ta ji danshi sai ta saki iska mai guba, mai warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, kuma tana kisa a rufaffen wuri. Saboda haka tsarin aiki yake da muhimmanci: a buɗe ƙofa da tagogi iska ta ratsa wuni guda, a fitar da duk wani gwangwani ko kwalbar magani a bushe da safar hannu, a nemi malamin gona ya faɗi yadda za a yi da su, sannan ne za a kawo ruwa kusa da ginin. Kada a ajiye su a ɗakin kwana ko kusa da rijiya, kuma kada yara su ɗauki kwalaben.

Na uku, ɓeraye. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake kama mutum, kuma da rani ya fi yaɗuwa, daidai lokacin da ake irin wannan aiki. Kada a share daɓen sito a bushe ƙura ta tashi. A yayyafa ruwa mai Hypo ko Jik, a bari ya jiƙa, sannan a kwashe da shebur. Kada a ci abinci a cikin ginin. Duk wanda zazzaɓi ya kama cikin mako uku bayan aikin ya je asibiti ya faɗa musu inda ya yi aiki. Kashin jemage da na tantabaru da ya taru a silin shi ma a jiƙa shi kafin a taɓa, domin ƙurarsa na cutar da huhu.

Na huɗu, asbesto. Shi ne rufin nan mai ruwan toka, mai kauri kamar siminti, da kuma fallayen silin da aka yi yayi shekarun baya. In yana zaune lafiya ba ya tayar da ƙura, amma da an fasa shi ko an yanka shi, wasu siraran zaruruwa da ido ba ya gani sukan tashi su maƙale a huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar kowane nau'insa na jawo ciwon daji, kuma cutar kan ɗauki shekara 20 ko fiye kafin ta bayyana, shi ya sa leburori ba sa tsoronsa. A jiƙa shi, a kwance ƙusoshinsa, a sauke shi falle-falle da hannu ba a jefo shi ba, a naɗe a leda mai kauri. Ɗaura ƙyalle a hanci ba ya tare shi. Sai takunkumi mai matata. Kuma kada a farfasa shi a yi cikon hanya ko tsakar gida da shi, kamar yadda ake yi.

Sai masu rai: maciji, kunama, rina, zuma. Inda ɓera yake maciji na kusa. A riƙa ɗaga kaya da dogon ƙarfe ba da hannu ba, kuma kowa ya sa takalmi rufaffe. Tun kafin a fara aiki ka san asibitin da ke da maganin dafin maciji kusa da ku. Mutanen Gombe sun san na Kaltungo. Ku ma ku san naku. In an yi sara, ba tsaga wurin, ba ɗaure shi tamau, sai hanya.

A ƙarshe ka tambayi dattawan gidan ko akwai tsohuwar rijiya ko masai da aka rufe a ciki ko a gefen ginin. Su kaɗai suka sani. Tifa mai lodi ta taka bakin tsohon masai, ka san sauran.

Mataki na 4: Wa za ka kira?

A ƙasarmu ba kasafai ake samun kamfanin da rusau kaɗai yake yi ba, sai a manyan birane. Ga ginin laka, mafi dacewa shi ne magini na gargajiya da yaransa, domin wanda ya san yadda aka ɗora azara shi ya san yadda ake sauke ta. A garuruwan da har yanzu akwai Sarkin Magina, ta wajensa ya fi sauƙi a samu na kirki, kuma in an samu saɓani akwai wanda za a kai wa ƙara. Ga rufin kwano a haɗa shi da kafinta. Ga babban aiki na bulo da ƙarfe kuma ɗan kwangila mai rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, mai ofishin da za ka iya zuwa ka same shi.

Ka kira aƙalla mutum uku, kowa daban, kowa ya zo ya ga ginin. Wanda ya yanka maka farashi ta waya bai ga wuri ba, ka bar shi. In sun zo, tambaya ɗaya ce ta fi tona asiri: "Malam, ta ina za ka fara?" Wanda ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya zaga baya ya duba bangon maƙwabci, ya tambaye ka ina tifa za ta tsaya, wannan ya san aiki. Wanda ya ce, "Ranka ya daɗe, ai gindin za mu sassare mu tura shi, kafin azahar an gama," ka yi masa godiya ka sallame shi.

Ka kuma tambaye shi inda ya yi irin wannan aiki, ka je ka ga mai gidan da kanka, gani ya kori ji. Mutum nawa zai zo da su? Shi zai tsaya a kansu ko zai bar yara ya tafi wani aikin? Tsani da igiya da baro nasa ne ko kai za ka nemo? Ina zai zubar da ɓaraguzan? Wannan ta ƙarshe ka matsa a kanta, domin in ya juye su a magudanar ruwa ko filin wani, kai za a nema ba shi ba.

Mataki na 5: Ciniki, da tarkon da ke cikinsa

Hanya uku ake bi. Ko biyan wuni, ko jinga, ko a ce wa mai aiki ya ɗauki kayan ginin a bakin ladansa.

Biyan wuni na da kyau ga aikin da ke son natsuwa, kamar sauke azara, amma sai kana tsaye, in ba haka ba aikin kwana huɗu ya zama na goma. Jinga ta fi kwanciyar hankali ga mai kuɗi, sai dai tana sa gaggawa, gaggawa kuwa ita ke karya azara da ƙafar mutum. Abin da na ga ya fi shi ne a raba: rufi a kan biyan wuni, bango da kwashe ƙasa a kan jinga.

Hanya ta uku ce ta fi daɗin ji a kunne, domin ba ka fitar da ko kwabo. Ita muka bi. Wani mutum ya zo ya ce wa yayanmu, "Alhaji, ku bar min kayan kawai, ni zan share muku wurin tas." Aka yi musabaha, ba takarda. Cikin kwana biyu kwano ya tafi, azara ta tafi, ƙofar ƙarfe ta tafi. Rana ta uku ya ce yaransa sun je ɗaurin aure. Daga nan wayarsa ta daina shiga. Ya bar mana bango huɗu a tsaye babu rufin da ke riƙe da su, damina kuma ta kawo kai. A watan Agusta ɗaya ya kwanta cikin garken maƙwabcinmu. Allah ya tsare ba mutum a wurin, amma mun biya awaki, mun tayar masa da katanga, sannan muka ɗauki wasu leburori da kuɗi suka ƙarasa aikin da tuni aka kwashe ribarsa.

Ba sai mutum mugu ne hakan ke faruwa ba. Tsarin ne da kansa ya karkace. Duk abin da ke da daraja a tsohon gini a sama yake, kuma shi ake fara cirewa. Duk abin da ke da wahala da haɗari a ƙasa yake, kuma shi ne na ƙarshe. Wanda ya karɓi ladansa a ranar farko, me zai dawo da shi rana ta biyar? In dole sai ka bi wannan hanya, to kayan su zauna a hannunka, a kulle a gidanka, har sai an share fili. Mafi tsabta dai shi ne ciniki biyu daban: ka biya kuɗin aiki, sannan ka sayar da kayanka ga wanda ya fi taya su, ko da shi mai aikin ne.

Don kada a yi maka kintace a kan kwasar ƙasa, ka yi lissafinka. A ce siton tsawonsa mita 10, faɗinsa mita 6. Kewayensa mita 32 ke nan. In tsayin bangon mita 3 ne, kaurinsa rabin mita, to 32 sau 3 sau rabi ya ba ka 48, wato ƙasar da za ta cika akwati 48 mai mita ɗaya ta kowane gefe. Ƙasa in an farfasa ta kumbura take yi, don haka ka ɗauka 60 ne. Sai ka auna bayan tifar da za ta yi aikin: in tana cin 10, sawu shida ke nan, in ƙarama ce mai cin 5, sawu 12. Idan rufin ma na laka ne sai ka ƙara nasa. Da wannan a hannunka, wanda ya ce maka sawu 30 sai ya yi bayani.

Game da biya, kafin alƙalami kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu. Wani kason in rufi ya sauka an ƙirga kaya, wani in bango ya kwanta, sannan ka riƙe aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu har sai ka zaga fili ka gamsu. Amma ranar da sharaɗi ya cika, ka biya a ranar. Hadisin da ya ce a bai wa ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe bai ware masu rusau ba.

Mataki na 6: Takarda

Ba sai an je wajen lauya ba in aikin ƙarami ne. Shafi ɗaya da Hausa ya isa, da sa hannun ku biyu da shaidu biyu, mai unguwa na cikinsu in zai yiwu. A rubuta iyakar abin da za a rushe da abin da ba za a taɓa ba, kamar bangon tarayya ko bishiya. A rubuta na wa ne kowane kaya, da adadinsa, da abin da zai faru in an karya shi da ganganci ko sakaci. A rubuta ko za a tono harsashin ginin ko a bar shi; wannan shi ne babban abin musu, domin mai aiki zai ce ya gama da bango ya kai ƙasa, kai kuma birkilanka zai zo ya tarar da duwatsu a binne. A rubuta inda za a kai ɓaraguzai da wanda zai biya tifa, da ranar farawa da ta gamawa, da yadda za a biya.

Sai magana mai nauyi: in wani ya ji rauni, ko an yi wa maƙwabci ɓarna, wa zai ɗauka? A Najeriya akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 da hukumar NSITF ke kula da ita, kuma kamfani mai rajista kana iya tambayarsa shaidar yana ciki. Amma maginin unguwa da yaransa ba su da wannan. Ku yi maganar a fili ku rubuta. Kuma ko me takarda ta ce, in yaro ya faɗo daga rufin gidanka, kai za ka sa shi a mota. Ka ware wani abu saboda haka.

Mataki na 7: Ranakun aiki

Lokacin da ya fi shi ne bayan kaka zuwa kafin zafin bazara: bango a bushe, ƙasa na ɗaukar mota, hannaye sun samu sarari daga gona. Da damina laka jiƙaƙƙiya ba ta da amana. Ranar da iskar hunturu ke kaɗawa da ƙarfi kuma a bar kwano, domin falle ɗaya in iska ta ɗauke shi wuƙa ne.

A sanar da maƙwabta kwana biyu kafin nan su rufe abinci da randuna, su ɗaure dabbobi. A kewaye wurin da igiya ko zana, nisan ya kai ninki biyu na tsayin bango, a sa babba ɗaya wanda aikinsa kawai korar yara. Kada ka ga kamar asarar lada ce. Ba abin da ke tara yara kamar rusau.

Ana kwance gini ne ta bayan yadda aka gina shi: abin da aka ɗora a ƙarshe shi ake fara saukewa. A fitar da tarkacen ciki, a cire ƙofofi da tagogi amma a bar abin da ke bisa kansu yana riƙe da bango. Sai rufi. In na kwano ne, a zare ƙusoshi, a miƙo falle ɗaya-ɗaya, sannan katako. In na laka ne, a fara kankare ƙasar da ke sama daga gefe zuwa gefe ana zubo ta waje, ba a tara ta wuri ɗaya a kan rufin ba, sannan a ɗaga azarar. Babu wanda zai tsaya a cikin ɗakin muddin ana aiki a samansa. Jinkar rumbu kuwa an san ta, hannu ɗaya ba ya ɗaukarta, sai a tara mutane a sauke ta gaba ɗaya.

Bango daga kai ake cin sa, sahu-sahu, ana zagayawa, kada a gama gefe ɗaya a bar wani dogo shi kaɗai. Masu aiki su tsaya a kan abin takawa, ba a kan bangon da suke sara ba. Sassare gindi a tura, wanda leburori ke so saboda sauri, shi ne ya fi kashe su. Yi lissafi: mita ɗaya kacal na bangon da muka auna ɗazu ya haura tan biyu, kuma bangon da aka rarake gindinsa ba ya jiran a ce masa faɗi, ba ya kuma zaɓar gefen da aka nufa. In akwai ɓangaren da ya tsage har ba a iya kusantarsa, a ja shi da doguwar igiya daga nesa, bayan an kwashe kowa daga ɓangarorin biyu.

A riƙa yayyafa ruwa don ƙura, kaɗan-kaɗan, ba a jiƙe gindin bango ba. Kowace yamma kafin a tashi, ka zaga da shugaban aikin: kada a kwana da bango mai lilo ko azara a rataye. A ƙirga kayan da suka sauka a ranar a kai ma'ajiya. Wanda ƙusa ta soka ya wanke da sabulu ya je a yi masa allurar tetanus, kada a tsaya shafa baƙin mai.

Tsohon katako zai ja hankalin masu neman itacen girki. Wanda aka shafa wa Solignum ko baƙin mai don gara, ko mai tsohon fenti, kada a bayar da shi don murhu.

Mataki na 8: Kafin ka miƙa cikon kuɗi

Ka zo da takardarku ka bi ta layi-layi, da rana ba da magariba ba. An tono harsashin in haka aka rubuta? Turakun iyaka na nan inda aka kafa su? Bangon maƙwabci lafiya, magudanar ruwa ba a toshe ta ba? Ka kira shi maƙwabcin ya faɗa da bakinsa a gaban mai aiki. Duk ramin da ya bayyana, na rijiya ko na masai, a cike shi a daddaɓe, a kafa alama, kuma ka gaya wa wanda zai yi sabon gini, don kada ya ɗora harsashi a kansa. Ƙasar da ta fito daga ɗakin dabbobi a kai gona, taki ce. Wadda ta fito daga daɓen da aka zubar da magani kada ta je lambu.

Azarar da za ka ajiye a ɗora ta kan duwatsu, kada ta taɓa ƙasa, a rufe ta da tsohon kwanon. Sannan ka nemi mayen ƙarfe, irin na bayan tsohuwar sifika, ka ɗaura masa igiya a ja shi a faɗin filin sau biyu ko uku, musamman ta inda aka sauke rufi da inda tifa ta tsaya. In ya daina kamo ƙusa, ka kira mutumin ka ba shi cikonsa.